Malalaciyar Ɗaki Na Huɗu

Sati tara Rhoda Ɗantani ta yi a tsaye a ɗaki na huɗu, kuma a cikin sati taran nan babu ranar da ba a ci mutuncin matar nan ta cikin zane a gabanta ba.

Tsayuwar ita ce aikinta. Wani babban gidan adana kayan tarihi ne a tsakiyar Manchester, aka kawo baje kolin tsofaffin zane-zanen mutanen Holan, na shekara ɗari uku da hamsin da suka wuce, aka sa masa suna Aiki da Hutu. Niyyar masu shirya shi ba ta da laifi. So suke kada mutum ya kalli zane ya ce kai, ya yi kyau, ya wuce abinsa. A gaya masa su wane ne a ciki, me suke ci, wa ke wanke musu tukwane, daga ina yadin da ke jikinsu ya fito. Rhoda kuwa nata shi ne ta hana yara taɓa bango, ta nuna wa tsofaffi hanyar banɗaki. Shekarar 2013 ce, lokacin da gwamnati ta tsuke bakin aljihu har kowa ya ji a jikinsa. Da su goma sha huɗu ne masu gadin ɗakuna, aka mayar da su shida, shidan ma aka sallama su ga wani kamfanin haya da ke kiran mutum ran da ya ga dama. Hatta kujerun da suke ɗan ɗosana jiki a kai an kwashe, wai zama yana kawo gyangyaɗi.

Zanen da ake magana bai fi tiren shayi girma ba, kuma ba a san wanda ya yi shi ba. Mace ce zaune kusa da taga, da farin ƙyalle a ka. Ta maƙale wata sanda a hammata, an naɗe ta da irin ramar da suke saƙa da ita a can. Hannunta na hagu yana sama yana jan zare, na dama yana ƙasa, mazari yana rataye a ƙarshen zaren bai taɓa ƙasa ba. Kanta ya ɗan karkata, idanunta a rufe. A gefe, a jikin ɗan allon bayani, an rubuta sunan zanen da manyan baƙaƙe: Malalaciyar 'Yar Aiki. Ƙarƙashinsa aka ce masu zanen Holan sun saba yi wa masu gida gargaɗi a kan 'yan aikin da ke barci a bakin aiki. Aka ƙara da cewa dishi-dishin da ake gani a jikin mazarin, fenti ne ya lalace saboda tsufa.

Mutane suna son zanen nan, amma irin son da ake yi wa abin dariya. 'Yan makaranta su jeru a gabansa su karkatar da kai su fara minshari, malamarsu tana murmushi. Manya kuma su kawo maganar da ta cika rediyo a shekarun nan, ta masu kwanciya labule a sake alhali maƙwabta sun fita nema tun da asuba. Wani mai ƙaton tumbi ya taɓa matarsa ya ce ashe tun zamanin da akwai su, masu zaman cin taimakon gwamnati. Matar ta yi dariya har da riƙe masa hannu. Rhoda na tsaye da ƙafafu a kumbure, ta haɗiye abin da ya taso mata, domin an koya musu cewa mai gadi ba shi da ra'ayi.

Ita ta san matar nan ba barci take yi ba. Ta sani ne don ita ma ta taɓa yin wannan kuskuren, tana 'yar shekara tara, a wani ƙauye kusa da Kafur. Kakarta Turai gwanar kaɗi ce, wadda masaƙa ke zuwa da kansu neman zarenta. Da la'asar sai ta zauna a inuwar rumbu da taskirarta, ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari, can sai ka ga idanunta sun rufe, kai ya karkata. Wata rana Rhoda ta tara ƙannenta, ta zauna a gaban tsohuwar ta rufe ido tana minshari, yaran suna ta ƙyalƙyala dariya. Da ta ga abin ya karɓu sai ta miƙa hannu a hankali za ta ɗauki ƙuliƙulin da ke cikin taskira. Kaka Turai ba ta buɗe ido ba, mazarin bai tsaya ba, ta ce, "Rhoda, ajiye. Biyu ne, na ƙirga." Sai daga baya ta kira ta ta ce ta zo a koya mata, ta ji da yatsunta abin da ido ba ya gani. Rhoda ta ce ita boko za ta yi, ba ta da lokacin aikin tsofaffi. Ta tafi makarantar kwana da gwadon da aka saƙa da zaren Kaka, kafin ta dawo hutun farko an binne tsohuwar. Gwadon yana nan har yau a kan gadonta a Longsight, ya koɗe amma bai yage ba.

Shi ya sa duk minsharin da yaran Manchester suka yi, muryarta take ji a ciki, kuma abin yana mata ciwo ƙwarai.

Ana saura kwana uku a rufe baje kolin a kai shi Birmingham, ta yi ta maza ta tare Dokta Hargreaves a bakin matakala. Ita ce ta shirya baje kolin, doguwar Baturiya mai furfura wadda ba a taɓa ganin ta tana tafiya a hankali ba. An sallami abokan aikinta biyu, aikin mutum uku ya dawo kanta, kullum da kofin shayin da ya huce a hannu.

"Dokta, minti ɗaya. Matar ɗaki na huɗu ba barci take yi ba."

Dokta ta tsaya, ta leƙa sunan da ke maƙale a ƙirjinta. "Rhoda, ko? Me ya sa kika ce haka?"

"Zaren a miƙe yake. Mai barci hannunta yakan sauka, mazarin ya faɗi. Kaɗi take yi."

"Amma idanunta a rufe suke."

"Haka gwanaye suke yi. Kakata haka take yi."

Dokta ba ta yi mata rainin wayo ba, a gaya gaskiya. Ta saurara, ta gyaɗa kai, sannan ta yi bayani da irin ladabin nan nasu mai sa mutum ya ji an rufe masa ƙofa da tattausan hannu. Ta ce sunan nan yana cikin littattafai tun fiye da shekara ɗari, masana uku sun yi rubutu a kai. Ta ce allunan bayanin an riga an buga, su za a tafi da su Birmingham, babu halin buga wasu. Ta ce ita ba za ta iya sauya sunan zane don kakar wani ba, sai da hujja da za ta gani da idonta. Ta zaro kati ta miƙa mata, ta ce in ta samu ta kira, ta haye matakala biyu-biyu.

Hujja kuwa, ai a hannu take, in da hannun ya iya. Da ta sauka daga bas a Stockport Road ta biya kanti ta sayi audugar asibiti, ta zo gida ta soke ƙaramin dankali da tsinken tsire, ta zauna a kicin. Ta murza, ya faɗi. Ta sake, audugar ta tsinke. Ta yi ta fama har shinkafar da ta ɗora ta kama. Shekara hamsin da shida a duniya, jikar Turai guda, ta kasa jan zare mai tsawon yatsa. Ta zauna tana kallon dankalin nan, hawaye ya zubo mata, na haushin kanta.

Ran Lahadi aka rufe baje kolin, kamfanin haya ya aiko mata da saƙo a waya cewa babu aiki sai an neme ta. Wani zai ce ta zauna ta nemi wani abin yi. Ita kuwa ran Litinin da sassafe tana cikin motar Birmingham, da katin hoton zanen da ta saya a gidan tarihin a jaka.

Hajiya Rabi'a take nema. Tsohuwa ce 'yar Bakori da ta zo ganin ɗanta Halliru, injiniya, da niyyar wata uku, ga shi ta shekara huɗu a Small Heath. A wani taron suna suka haɗu, Rhoda ta ji tsohuwar tana yi wa matan zamani faɗa a kan ba su san daga ina zare yake fitowa ba, suka yi hira har aka watse. Tun daga nan duk wanda zai zo Manchester sai Hajiya ta ba shi ƙullin kuka ko daddawa ya kai wa Maman Eli, don da sunan ɗanta na fari take kiran ta.

Ta same ta a falo kusa da hita mai ɗumama ɗaki, an lulluɓe ƙafafu da bargo. Aka gaisa, aka tambayi Eli da karatunsa na jami'a, aka tambayi ciwon gaɓoɓi.

"Yana nan, Maman Eli. GP, likitan nan nawa, ya ce in daina wahalar da yatsun. Na ce masa to, don a zauna lafiya."

Rhoda ba ta yi wani bayani ba. Ta ciro katin ta miƙa mata, ta rufe rubutun da babban yatsa, ko da yake Hajiya ba ta karanta boko. "Hajiya, duba min wannan. Zanen mutanen Holan ne."

"Holan masu atamfa?"

"Su fa. Kakannin kakanninsu."

Hajiya ta sa tabarau, ta karkata katin wajen taga. Ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Oho. Su a rataye suke sakin nasu, mu muna dasa shi a ƙasa. Amma hannun ɗaya ne. Wannan gwana ce, siririn zare take ja. Dubi yadda ta tsuke yatsun nan biyu. Kin ga har ta rufe ido, ta yi nisa."

Rhoda ta ji kamar an sauke mata tulu daga ka. Ta janye yatsa, ta karanta mata sunan, ta fassara mata bayanin kalma bayan kalma, har da maganar fentin da ya lalace. Ta ce nan Birmingham za a kawo zanen, kuma mai shirya baje kolin ta ce sai ta ga hujja da idonta.

Hajiya ta cire tabarau. "Malalaciya? Wa ya faɗa?"

"Masana, Hajiya. Su uku."

"Maza ne?"

"Maza ne."

"Na sani. Wanda bai taɓa jan zare ba sai dai ya tarar da riga a wanke." Ta yaye bargon. "Baiwar Allah tana aikinta, shekara ɗari nawa kika ce? Ana tsayawa a kanta ana dariya? Shiga ɗakina, ƙarƙashin gado akwai gwangwanin biskit. Kada ki gaya wa Halliru."

A cikin gwangwanin akwai mazari da gululunsa na yumɓu, ɗan dunƙulen nan da ke ba shi nauyi, ya yi baƙi da santsi saboda hannu. Akwai ƙullin auduga ta gida da aka riga aka shiɓe, da guntun fata, da allin rubutu da ta sace a jakar jikokinta. Hajiya ta ɗauka ta murza, amma ba a yi nisa ba fuskarta ta yamutse, ta sauke hannu. Yatsun sun kumbura sun karkace, hannun hagu ba ya jure ɗagawa. Ta tura wa Rhoda kayan.

"Ke za ki yi. Yaushe za su buɗe?"

"Asabar ta sama. Kwana goma sha biyu."

"Yarinya 'yar shekara bakwai tana koya a wata shida. Ke da kika girma kika yi taurin kai, Allah kaɗai ya sani. Zauna."

Haka aka yi. Rhoda ta sauka wajen wata 'yar cocinsu a Handsworth, kullum da safe ta hau bas biyu zuwa Small Heath, bayan Halliru da matarsa sun fita aiki. Hajiya ba ta da sassauci a koyarwa. In Rhoda ta ja da ƙarfi ta ce dambe kike yi da audugar? In ta ja a hankali ta ce tsoron ta kike ji, cizo take yi? Rana ta huɗu zare ya fara fita, mai kauri a nan, siriri a can, da ƙulli-ƙulli kamar hanjin kaza. Hajiya ta ɗaga shi ta duba ta ce ko abawa ba za a kira wannan ba, igiyar ɗaure akuya ce. Rhoda ta yi dariya har ta riƙe ciki, don rabon da wani ya yi mata faɗa irin na gida ta manta.

Abu ɗaya ne ya ƙi. Da ta rufe ido zaren yake tsinkewa. Ta gwada sau ba adadi. Ran Talata ta kira lambar da ke kan katin da Dokta ta ba ta da zuciya biyu, Dokta Hargreaves ta ɗauka tana haki, ta ce Alhamis ƙarfe biyu, minti goma kawai, suna cikin rataye zane-zane.

"Hajiya, ban iya ba," in ji Rhoda da ta kashe wayar. "Zan je in tabbatar musu da nasu ne kawai. Appointment ɗin ma minti goma ne."

"Ɗauko min mayafina mai kyau ki goge. Tare za mu."

Ran Alhamis suka shiga gidan tarihin Birmingham ta ƙofar ma'aikata. Hajiya ta sha atamfa shuɗiya, ta ce tunda wajen mutanen Holan za a je a sa musu kayansu. Ɗakin baje kolin a hargitse yake, ga tsani, ga akwatunan katako, ga ma'aikata uku da safar hannu. An riga an rataye zanen, allon bayaninsa yana jingine a ƙasa yana jiran a manna. Dokta ta taho da kofinta, ta gaishe su, ta duba agogo.

Hajiya ba ta bi ta kanta ba. Ta dogara sandarta har gaban zanen, ta tsaya, ta ce da Hausa, "Sannu da aiki, baiwar Allah." Sannan ta nemi akwati ta zauna.

Rhoda ta shimfiɗa fatar a ƙasa ta durƙusa. Ta shafa alli, ta murza mazarin, ta fara ja. Zaren ya fito, mummuna kamar kullum, ita kuwa ta zuba masa ido kamar mai zare ƙaya, ta cije leɓe, gumi yana tsattsafo mata. Ta ce a ranta bari ta gwada sau ɗaya, ta rufe ido. Nan take ya tsinke.

Dokta ta ce a hankali, "Na gode da kika nuna mana, Rhoda. Amma kin ga ke ma sai da kika kalla."

Rhoda ta fassara wa Hajiya. Ga mamakinta sai tsohuwar ta yi dariya.

"Gaya mata ta yi gaskiya. Ta ga ɗan koyo ke nan, shi ne mai zare ido. Yanzu ta ajiye kofin nan ta ga ɗayan. Miƙo."

"Hajiya, hannunki. GP ya ce..."

"GP yana nan? Miƙo, Maman Eli."

Ta karɓa. Ta haɗa bakin zaren da ya tsinke da murza ɗaya, ba ta ko duba ba. Yatsun nan karkatattu da ba sa iya buɗe kwalbar magani suka kama tsinken mazarin suka murza, sai ya tashi yana wani siririn kuka a kan fatar. Hannun hagu ya fara hawa sama, zare yana bin sa, siriri, sumul, kamar daga inji. Da ya yi ƙwari sai ta ɗaga mazarin daga fatar ta bar shi yana juyi a iska, yadda ta gani a katin. Babu wanda ya ce mata ta yi wani abu. Kafaɗunta suka sauka, kanta ya karkata gefe, idanunta suka lumshe suka rufe.

Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya sauko daga tsani bai sani ba. Mata biyu ne a gabansu, ɗaya a bango ɗaya a kan akwati, kai ɗaya, hannu ɗaya, yatsu biyun nan a tsuke iri ɗaya. Rhoda tana durƙushe ta ga mace ta uku da su ba su gani ba, a inuwar rumbu, ta toshe baki da hannu.

Dokta ta ajiye kofin a ƙasa. Ta zaro waya ta ɗauki hoto, ta duba, ta ƙara girmansa da yatsu, ta matsa kusa da zanen har wani ma'aikaci ya yi gyaran murya. A hoton komai ya fito tsaf, fuskar Hajiya, zaren, atamfar, ban da mazarin. Shi ya fito dishi-dishi, gefensa a narke, daidai da wurin da masana uku suka ce fenti ne ya lalace.

"Juyawa yake yi," in ji Dokta, kamar da kanta take magana. "Ba lalacewa ba ce. Juyawar ya zana." Ta juyo, fuskarta ta yi ja. "Rhoda, tambaye ta, in da barci ya ɗauke ta fa? Me zai faru?"

Rhoda ta tambaya. Hajiya ba ta buɗe ido ba, ta ce, "To, ga barci." Ta saki jiki. Hannun hagu ya faɗo kan cinya, zaren ya yi laƙwas, mazarin ya daki katakon ƙasa ya gangara, ƙarar gululun tana amsa kuwa a ɗakin, har ya je ya tsaya a jikin allon bayanin da ke jingine. Mai tsanin nan ya fara tafi, sauran suka kama. Hajiya ta buɗe ido ta ce a ɗauko mata kayanta kafin wani ya taka.

Minti goman nan sai da ya zama awa biyu. Dokta ta zauna a ƙasa da wandonta mai kyau tana rubutu a bayan wata takarda, tana jero tambayoyi, Rhoda tana fassara. Me ya sa ake rufe ido? Don ido yana ruɗin mutum, yatsa ne ke sanin kauri. Awa nawa mace take yi kafin a sami na riga ɗaya? Hajiya ta ce ba a awa ake faɗa ba, a watanni ne, Dokta ta rubuta ta ja layi biyu a ƙasa. Ta ce baje kolin nan gaba ɗaya an yi shi ne don a nuna masu aikin da ba a gani, ga shi ita da kanta ta rataye ɗaya a bango ta kira ta malalaciya. Ta roƙi a ba ta aron mazarin a sa a gilas kusa da zanen. Hajiya ta ce a'a, kayan aiki ne, akwai ɗalibar da ba ta gama ba. A bas ɗin komawa hannun Hajiya ya kumbura har ta kasa riƙe sanda, Rhoda ta riƙe mata, tsohuwar kuwa sai hira take yi da kowa kamar wadda ta dawo daga biki.

Ran Asabar suka dawo ta babbar ƙofa, cikin jama'a. Ba a sami halin buga sabon allo ba, gaskiyar Dokta ce. Farar takarda ce ta ofis aka buga aka manna a kan kwali, gefenta ɗaya ma ya ɗan karkace. A gaban zanen akwai benci, Rhoda ta zauna a kai, karo na farko da ta kalli matar nan a zaune.

Mutane suna zuwa. Wani ya taho da murmushinsa a shirye, ya ga mace ido a rufe, ya buɗe baki zai yi wa abokinsa magana, sai idonsa ya kai kan takardar. Ya karanta, ya rufe bakin, ya matsa kusa yana leƙen mazarin. Wata uwa ta karanta wa 'ya'yanta mata biyu, suka rufe ido suna murza yatsu a iska. Babu wanda ya yi minshari.

"Karanta min," in ji Hajiya.

Rhoda ta tashi ta karanta, tana fassarawa. Sunan zanen yanzu Gwanar Kaɗi. An ce fiye da shekara ɗari ana ɗaukar matar nan mai barci ce, kuma kuskure ne. An yi bayanin zaren da ke miƙe, da mazarin da ke juyi, da watannin da mace take yi kafin a sami riga ɗaya. A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, aka ce wannan gyara ya samu ne daga Rhoda Ɗantani, mai gadin ɗaki, da Hajiya Rabi'a ta Bakori. Akwai sauran layi ɗaya, wanda Rhoda ta roƙa a waya ran Juma'a, Dokta ta sa ta ta faɗi harufan ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kansa ta karanta shi ƙasa-ƙasa.

"Da marigayiya Turai ta Kafur, wadda ita ma ba barci take yi ba."

Hajiya ta gyara mayafi. "Sake karanta na ƙarshen."

Ta sake, wannan karon da ƙarfi, har mai gadin ɗakin ya waiwayo. Hawaye yana zuba, ba ta share ba, kuma ba ta ji kunyar kowa ba. Daɗi ne ya cika ta, irin wanda ba ta ji ba tun tana yarinya.

"To, madalla," in ji Hajiya, ta miƙo mata hannun mai lafiya. "Ɗaga ni mu tafi. An wanke mata biyu yau. Ke kuwa zarenki har yanzu na ɗaure akuya ne, kuma audugar ba za ta kaɗa kanta ba."